Babur Mai Agogo Bakwai: Lissafin Abin da Ado Ya Ci

Wata Juma'a bayan la'asar ɗan ƙanwata ya tsaya da babur ɗinsa a ƙofar gidanmu a Sabon Gida, yara kusan ashirin na biye da shi a guje. Da farko ban shaida babur ɗin ba, alhali ni na raka uwarsa Madawa ranar da aka saye shi. Tanki ya koma launin jan ƙarfe, an jera masa fuskokin tsofaffin agoguna guda bakwai, babu ɗaya da ke tafiya. Wasu siraran bututu na tagulla sun taso daga gefen inji, sun yi lanƙwasa biyu, sun koma inda suka fito. An cire fitilar gaba, an sa wata mai kamar fitilar ƙwai ta zamanin iyayenmu. Kujerar kuwa ta jar fata ce, ɗinkin dukawa, ta yi kyau matuƙa, sai dai ta mutum ɗaya ce.

"Kawu, ya ka gani?"

Na ce masa hannunsa ya iya aiki, gaskiya kuma na faɗa. Duk wanda ya taɓa lanƙwasa bututun tagulla ya san yadda yake saurin lotsewa idan ba a cika shi da yashi ba, nasa kuwa ko tabo babu. Daga nan na ce ya kawo mini lissafin abin da ya kashe. Yaron mai tsari ne, komai na rubuce a bayan wani tsohon littafinsa na makaranta.

Abin da ya kwaikwayo a wayarsa Turawa na ce masa sitimfank, mu ce adon zamanin tururi. Wani marubuci ɗan Amurka, K. W. Jeter, shi ya raɗa sunan a 1987 cikin wata wasiƙa da ya aika wa mujallar Locus. Tushen abin tambaya ce ɗaya: da duniya ta tsaya a kan kwal da tururi, irin na zamanin Sarauniya Biktoriya ta Ingila wadda ta yi mulki daga 1837 zuwa 1901, amma ilimi ya ci gaba, yaya injuna za su kasance? Daga littattafai irin na Jules Verne da H. G. Wells abin ya gangaro zuwa tufafi, da kayan ɗaki, da kwamfutoci masu jikin katako, da babura, har da taswirorin garuruwan da babu su. A birnin Nant na Faransa, mahaifar Verne, tun 2007 akwai wata giwa ta ƙarfe da katako mai tsayin mita 12 da ke yawo da mutane a bayanta tana fesa ruwa da hanci. A Linkon ta Ingila masu wannan sha'awa na taruwa kusan duk shekara tun 2009. Na kalli hotunan, sun burge ni, ba zan ɓoye ba.

Amma akwai abin da waya ba ta nuna wa yaranmu. Baturen da ya yanka babur ya maishe shi abin kallo yana da motar zuwa aiki, ko jirgin ƙasa a bakin unguwarsa, idan kuma matarsa ta fara naƙuda cikin dare akwai lambar da zai kira. Rarar dukiyarsa ya yi wa ado. A nan kwarin Tarka babur ɗaya shi ne jakin kai taki garka, shi ne shagon mai kabu-kabu, shi ne motar ɗaukar mara lafiya. Wanda ya taɓa shi da zarto ya taɓa duk waɗannan.

Ga abin da na tarar a littafin. Tagulla da tsofaffin agoguna da faya-fayai masu haƙora, waɗanda ya tsinto a hannun masu tsohon ƙarfe a Madawa da Ƙonni, jika 23. Mai walda jika 20. Baduku jika 15. Fenti jika 12, domin na farko ya ɓare aka sake. Fitila da wayoyinta jika 9. Kuɗin intanet na kallon yadda ake yi, wanda da ƙyar ya yarda a sa cikin lissafi, jika 6. Jimla jika 85 na kuɗin sefa. Mafi ƙarancin albashi a Nijar tun farkon 2024 jika 42 ne a wata, wato ladan wata biyu cur na ƙaramin ma'aikaci ya tafi, har da ɗoriyar jika ɗaya. Kuɗin kuwa daga rabonsa na albasar bara suka fito, wadda aka sayar da ita tun a bakin garka lokacin da kasuwa ta cika ta yi arha. Da ta kwana wata huɗu a rudu, da wani farashi ake magana.

Wannan ne ƙaramin sashe na asarar, domin an biya shi sau ɗaya an gama.

Don kujerar fata ta zauna yadda ya gani a hoto, sai da aka datse ƙarfen baya, aka jefar da kariya. Babur ɗin da ke ɗaukar buhun albasa da mutum a kai ya koma ba ya ɗaukar ko jarkar ruwa. Da, ranar kasuwa yakan yi ɗan kabu-kabu ya samu na mai da na cefanen uwarsa. Wannan ƙofa ta rufe tun ranar da zarto ya hau ƙarfen. Idan za a kai taki garka yanzu sai a nemi amalanke a biya. Kowane mako ana biyan wannan, babu kuma inda aka rubuta shi.

Cikin watan da ya biyo baya zazzaɓi mai zafi ya kama uwarsa da tsakar dare, ana bukatar a kai ta asibitin Galmi. Babur na tsaye a zaure, cike da mai, lafiyarsa ƙalau. Sai da aka buga ƙofar maƙwabta biyu kafin a samu wanda za a ɗora ta a kai, da mai riƙe ta a baya. Allah ya ba ta lafiya. Ban san adadin da zan rubuta a gaban wannan daren ba, shi ma da na tambaye shi sunkuyar da kai ya yi.

Sai inji. A nan na fi daɗewa da shi, domin a nan ne yara da yawa ke cutar da kansu ba su sani ba. Akwatin matatar iska baƙar roba ce mara kyan gani, don haka abu na farko da mai irin wannan ado ke cirewa ke nan, ya sa wani ɗan mazurari mai sheƙi a bakin kabureta. A ƙasar da ake ruwa wata tara wataƙila inji ya jure. Mu kuwa daga Nuwamba zuwa Fabrairu ƙurar hunturu muke sha, sauran shekara kuma yashin hanya. Duk ƙurar da matata ke tarewa yanzu kai tsaye take shiga cikin silinda, ta gauraya da baƙin mai ta zama kamar dutsen wasa wuƙa, tana cin zobban fistin a hankali. Alamar farko ita ce hayaƙi mai shuɗi-shuɗi, ta biyu kuma baƙin mai ya riƙa raguwa ba tare da ɗiga ba. Ya kuma huda salansa don ƙara ta yi kauri. Idan iska ta yi yawa a shiga da fita, ba a kuma daidaita kabureta ba, inji na ƙara zafi. Bakanike ya buɗe masa mai don a rage zafin, shan mai ya ƙaru. Ga shi waɗannan ƙananan injuna iska ce kaɗai ke sanyaya su, ta waɗancan ɓaraka da ke jikin silinda, shi kuwa ya rufe rabinsu da farantin tagulla mai zane. A watan Afrilu, lokacin da zafi ke haura digiri 40, inji na dahuwa a cikin rigarsa.

Da bakinsa ya gaya mini kwalbar man da ke kai shi Madawa ta dawo da shi yanzu ba ta isa. A ɗauka rubu'in lita kawai ya ƙaru a rana. Tun Yulin 2024 litar mai a gidajen mai tamma 499 ce, bayan shekaru tana 540. Rubu'inta dala 25 ke nan, a shekara ya haura jika 45. Zamanin da man ruwa-ruwa ke kwararowa daga kudu da arha ya wuce tun da Nijeriya ta janye tallafin mai a ƙarshen Mayun 2023, kuma duk wanda ya yi layi a watan Maris na 2025 ya san matatar Damagaram ita kaɗai ba ta ɗauke mana wannan damuwa ba. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne, ado ne na tuna zamanin da babu fetur, ga shi ya ƙara wa mai shi shan fetur.

Akwai kuma lissafin jiki. Don a manna agoguna sai da aka yi walda a jikin tanki. Tankin da aka juye mai daga cikinsa ya fi cikakke haɗari, domin tururin man da ya rage shi ke fashewa, kuma masu walda na gari ba sa taɓa shi sai an wanke an cika da ruwa. Nasa an yi lafiya. Amma ƙarfen da aka datse aka sake haɗawa ba ya komawa ƙarfinsa na asali, hanyoyinmu kuwa ba sa tausayin walda. Fitilar mai kyan gani haskenta bai kai rabin na asali ba, a kan hanyar da amalanken shanu ke tafiya da dare babu ko ƙyalli a bayansu, manyan motocin albasa kuma na wucewa. Kowane faifai mai haƙora da ke jikin tanki, ranar faɗuwa cinya da ciki zai nema. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce haɗarin hanya na kashe mutum kusan miliyan 1.19 a shekara. Cikin jika 85 ɗin nan babu hular kwano. Akwai tabarau mai zagayen tagulla, wanda ake ɗorawa a goshi don hoto.

Wani zai ce ai tsohon ƙarfe ne, shara ce aka raya. A Turai haka ne. Mu nan tsohon ƙarfe bai taɓa zama shara ba. Sifirin mota maƙeran baƙi ke mayarwa gatari da fartanya. Ƙafar tsohuwar mota ita ce gindin amalanke. A kasuwar Katako ta Yamai, da Panteka ta Kaduna, da Ƙofar Ruwa ta Kano, ana narka gwangwani ya fito tukunya, ana buɗe ganga ta zama akwati ko murhu, ana ciro ɗan kusa daga mataccen inji a tashi wani da shi. Bututun da ya lanƙwasa don ado, mai gyaran firji na nemansa. Faifan da ya manna a tanki, wataƙila shi ne wanda wani mai injin niƙa ya yi sati yana cigiya. Dabarar da Bature ke kwaikwayo ranar hutunsa, ita talakanmu ke ci da ita kullum, bambancin kawai namu dole ya yi aiki.

Akwai kuma wata taswira tasa, ita ce abin da ban da ƙorafi mai yawa a kansa. Ya zana ta a bayan takardar buhun siminti na Malbaza: wani birni mai ganuwa da ƙofofi tara, jirage masu kumbo na sauka a kan hasumiya, layin dogo ya ratsa ta tsakiyar kasuwa. Fensir biyu ta ci. Ƙagen gari ba baƙon abu ne a wurinmu ba, tatsuniyoyinmu cike suke da su. Da na dube ta sai na tuna masa abu biyu. A 1824 Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya ba Baturen nan Clapperton taswirar ƙasashen nan, har aka buga ta a Landan. Kuma iyakar da ke kudu da mu, wadda ta sa dangin mahaifinsa ke kashe naira mu muna kashe sefa, a kan takarda aka fara ta. A yarjejeniyar 1898 Ingila da Faransa sun kafa tsinke a kan Sakkwato suka zagaya da mil 100, ba tare da sanin inda rijiya take ba. Da Faransawa suka ga hanyarsu ta zuwa Damagaram babu ruwa, aka sake zama a 1904 da 1906 aka matsar da layin. Mun riga mun ɗanɗana abin da taswirar ƙage ke yi idan mai zanen na da bindiga. Yaron da ya iya ma'auni har haka, garkar uwarsa da ake ta ja-in-ja kan iyakarta babu zanenta ko ɗaya, ga shi tun dokar karkara ta 1993 akwai kwamitocin filaye da aikinsu ke nan, shaida gonaki da burtali.

Wannan ya kai ni ga abin da ya fi mini nauyi, wanda babu dala a cikinsa. Zamanin da ake wa wannan kwalliya ya zo nan, kuma mun san kamanninsa. A watan Mayun 1899 rundunar Voulet da Chanoine ta afka wa Birnin Ƙonni, ta ƙone gari ta kashe jama'a masu ɗimbin yawa, bayan ta gwabza da Sarauniya Mangu a Lugu. Jirgin ƙasa mai tururi ya isa Kano a 1911 a kan layin da aka tilasta wa talakawa haƙawa ta hannun sarakuna. Layin dogon da Faransa ta shimfiɗa a Kongo daga 1921 zuwa 1934 ya ci rayuka aƙalla 17,000. Kwal ɗin da jiragen ƙasan Nijeriya suke ci a wancan zamani daga Inugu yake fitowa, inda aka harbe masu haƙa 21 a Nuwamban 1949 don sun nemi haƙƙinsu. Aikin tilas a ƙasashen renon Faransa sai 1946 aka soke shi, kuma na tarar da tsofaffin da suka yi shi. Doguwar hula da malafar Bature da ake sawa a waɗancan bukukuwa, a can kayan wasa ne, a nan kuwa kayan mutumin da ya zo karɓar haraji ne. Wasu daga cikin masu wannan fanni sun fuskanci batun, kamar Nisi Shawl da ta rubuta Everfair a 2016 kan Kongo ta zamanin Sarki Liyofol. Amma gajeren bidiyon da ke isowa wayar yaro a Sabon Gida sheƙin tagullar kawai yake kawowa.

Ya saurare ni har na gama, sannan ya ce, "To Kawu, mu ba mu da ikon yin abu don ya yi kyau kawai? Sai don ciki?"

Tambayar ta yi daidai, ba kuma zan so a raba shi da ita ba. Mu mutanen ado ne. Tabarmar Madawa da ba a rina kabarta ba ma za a kwanta a kai, amma ana rinawa. Manyan motocin katako an cika bayansu da zanen zaki da dawisu. Mu ma mun yi motar kara da ta gwangwani muna yara, kuma daga irin wannan son zane Jelani Aliyu ɗan Sakkwato ya tashi har ya zana motar Chevrolet Volt da aka nuna a 2007. Sai na ce ya tuna dokin hawan salla. Ana sa masa jalala da ɗan kai da likkafa ta ado, kaya masu nauyi da tsada, ya yi rawa a gaban sarki. Da magariba sai a kwance komai a adana, gobe doki ya koma doki. Ba a taɓa yanke masa ƙafa don sirdi ya zauna ba. Da agogunan nan a kan rigar fata suke, mai maɗauri, wadda za a ɗora wa tanki ranar salla ko ranar ɗaurin aure a cire, da bututun da kusa aka ɗaure su maimakon walda, da kyan na nan, kariya na nan, kuɗin ma da bai kai rabi ba.

Na kuma ba shi labarin Mubarak Muhammad Abdullahi, ɗalibin Jami'ar Bayero ta Kano, wanda a 2007 ya haɗa jirgi mai saukar ungulu da tarkacen motoci da injin Honda Civic cikin wata takwas. Bai taɓa wuce ƙafa bakwai daga ƙasa ba, kuma na tabbata ya ci kuɗi fiye da babur ɗin nan nesa ba kusa ba. Duk da haka ba na sa shi a sahun asara, domin kowane ƙarfe a jikinsa an sa shi ne don ya yi wani aiki, idan kuma bai yi ba mai shi ya koyi dalili. Agogon da aka cire wa ciki aka manna fuskarsa babu abin da zai koya wa kowa. A garakenmu ma akwai masu irin hankalin Mubarak: su ne suka gano yadda ake gyara kaburetar injin ban ruwa ya riƙa aiki da tukunyar gas maimakon fetur, kuma mai albasar da ke ban ruwa wata huɗu ya san abin da wannan ya rage masa.

Dole in rubuta riba ita ma, in ba haka ba lissafin ya zama na son rai. Cikin wata uku ya koyi riƙe walda, ya san bambancin tagulla da jan ƙarfe a wuta, ya zauna da maƙeran fari ya ga yadda suke zane da ƙusa, ya daina zaman majalisa har tsakar dare. Mai waldar da ya yi masa aiki ya ce in yana so ya riƙa zuwa. Wannan ba ƙaramin abu ba ne ga saurayin da sa'o'insa rabi sun tafi cin rani Abijan ko Libiya. Sai dai da jika 85 ɗin ya kai wa mai waldar tun farko a matsayin kuɗin koyo da na kayan aiki, da ya samu duk wannan, babur kuma na nan yadda yake.

Ba mu gama daidaitawa ba. Ya yarda ya mayar da akwatin matatar iska, ya cire farantin da ke kan silinda, bayan bakanike ya nuna masa yashin da ke cikin kabureta a tafin hannu. Fitila ya ce sai bayan girbi. Agoguna kuwa ya ce ko ɗaya ba zai cire ba, ban kuma matsa ba. Ƙarfen baya da aka datse shi ne matsalar, domin tsohon an riga an sayar wa masu awo da kilo. Makon jiya na same shi a rumfar mai walda da safe, ya shimfiɗa takardar buhun siminti a ƙasa, a bayan birninsa mai ƙofofi tara yana zana kariya, yana auna faɗin buhun albasa da igiya.